Maɗaurin Allon Zamiya: Sabon Shiga Ya Fara Tambayar Yadda Yake Saki

A lokacin sanyin 2020 zuwa 2021 gwamnatin Faransa ta dakatar da kujerun igiya da ke kai masu wasan zamiya kan tsaunuka, saboda annobar korona. Ita kuwa dusar ƙanƙara ba ruwanta da dokar gwamnati, ta sauka kamar yadda ta saba. Da mutane suka ga ga ƙoshi ga kwanan yunwa, sai suka koma ga tsohuwar dabara: su manna wata doguwar fata mai kwantaccen gashi a ƙarƙashin allunan zamiyarsu don kada su sulale baya, su taka dutsen da ƙafafunsu har ƙoli, su ɓare fatar, sannan su gangaro. Annoba ta wuce, kujeru sun koma bakin aiki, amma wanda ya ɗanɗani gangara a kan dusar da ba wanda ya riga shi takawa ba ya saurin mantawa. Shi ya sa yau a Turai da Amurka da Kanada ake da ɗimbin masu raba ƙafa: yawancin kwanakinsu a filin zamiya mai tikiti da shinge da ma'aikatan ceto, jefi-jefi kuma su leƙa jejin da ke bayan shingen. Duk wanda ya zo wannan gaɓa, har da 'ya'yanmu da karatu ko neman abinci ya kai ƙasashen sanyi, tambayar da zai fara tararwa a shago ita ce wane irin maɗauri za a ɗaura masa a kan allo, wato ƙarfen nan da ke riƙe takalmi. Mai shago zai soma yi masa lissafin nauyi, wannan giram kaza, wancan giram kaza. A ganina an ɗauko zancen daga wutsiya. Ga sabon shiga wanda kwana takwas cikin gomansa a fili yake yinsu, abin tambaya shi ne yadda maɗaurin ke sakin ƙafa idan an faɗi. Nauyi ya biyo baya.

Sunan maɗauri rabin aikinsa kawai yake faɗa. Wanda ya san doki ya san likkafa abokiyar mahayi ce muddin yana kan sirdi, amma da zarar ya faɗo ƙafarsa ta maƙale a ciki, ita za ta sa doki ya ja shi a ƙasa. Allon zamiya ya kai tsayin mutum, takalmin kuma roba ce mai tauri da ta kama ƙafa har tsakiyar ƙwauri. Idan bakin allo ya cake a dusa, gangar jiki kuwa ta ci gaba da juyawa, allon ya zama doguwar sifana, ƙashin ƙwauri ya zama notin da ake kwancewa. Haka aka yi ta karya ƙafafu shekara da shekaru. Hjalmar Hvam, haifaffen Norwe mazaunin jihar Oregon ta Amurka, ya karye a 1937, daga nan ya ƙera maɗauri mai saki da kansa, ya fito da shi kasuwa a 1939. Jean Beyl na kamfanin Look a Faransa ya biyo baya a 1950, Hannes Marker na Jamus a 1952. Daga 1972 kuma likitan ƙashi Robert Johnson da abokan bincikensa Carl Ettlinger da Jasper Shealy suka yi shekaru masu yawa suna rubuta duk raunin da aka ji a filin Sugarbush da ke jihar Vermont. Abin da suka gano fuska biyu gare shi. Karayar ƙwauri ta ragu matuƙa yayin da maɗaurai suka inganta, tsinkewar jijiyar gwiwa kuwa ta ƙaru, kuma har yau ba wani maɗauri na yau da kullum da zai rantse maka a kan gwiwa. To, ribar da aka tabbatar an ci ita ce ta ƙwauri, an kuma biya kuɗinta da ƙasusuwan mutane. Ba abin da za a saryar don gudun rabin kilo ba ne.

Yadda maɗaurin gangara zalla ke yin wannan aiki ya cancanci a duba shi a tsanake, domin a nan hujjar take. Na gaba yana rungumar goshin takalmi da fukafukai biyu masu sifirin, na baya yana danne diddige. Idan murɗa ta zo, takalmin yana gocewa gefe ta gaba. Idan mutum ya kifa ta fuska, diddige ne ke ɓallewa sama. Amma gwanintar ba a sakin kaɗai take ba. Allo da ke gudu a kan daskararriyar dusa yana shan ƙananan duka ba iyaka, kowannensu ya isa ya ture takalmi daga mazauninsa. Maɗauri na ƙwarai yakan bar takalmin ya ɗan goce, santimita uku ko huɗu, sannan ya maido shi tsakiya cikin ƙiftawar ido, kamar yadda shokozoba ke shanye ramukan titi. Sai ƙarfin ya ɗore, ya kuma wuce iyakar da aka saita, sannan ya saki. Ita wannan iyaka lamba ce da masu wasa ke kira DIN, daga sunan hukumar ma'aunai ta Jamus, kuma akwai ma'aunin duniya mai lamba ISO 9462 da ake gwada maɗauran a kansa, a ɗakunan gwaji irin na TÜV. Ma'anar hatimin ita ce lamba bakwai a wannan maɗauri daidai take da lamba bakwai a wancan, kuma abin da ya yi jiya shi zai yi gobe.

Sai dai wannan maɗauri ba ya hawa dutse, tunda diddige a danne yake. Maganin da ya fi kowanne kyau ya fito ne daga yankin Tirol na Austiriya, inda wani matashi Fritz Barthel, wanda ya gaji da jan kaya masu nauyi, ya yi wa dabararsa rajista a 1984, daga baya kamfanin Dynafit ya yaɗa ta. Dabarar mai sauƙi ce har ta ba mutum mamaki. An dasa ƙananan ramuka biyu na ƙarfe a gefen goshin takalmi, tsinkayen ƙarfe biyu su cake a ciki, takalmin ya riƙa ɗagawa yana sauka kamar ƙyaure a kan maratayinsa. Lokacin gangara sai wasu tsinkaye biyu su shige diddige. Irin wannan maɗauri na iya zuwa giram 300 ko 400 a kowace ƙafa, na 'yan tsere ma bai kai haka ba. Wanda zai bi tsohuwar hanyar nan daga Chamonix zuwa Zermatt, kusan mako guda yana kwana a bukkokin tsauni, ba shi da abin da ya fi shi. Ban zo don in kushe shi ba. Amma a lura da abin da aka bayar kafin a samu wannan sauƙi. Ƙarfe ne ya haɗu da ƙarfe, ba wani sassauci na a zo a gani a gaba. A yawancinsu ba goshin takalmi ke gocewa ba, na baya ne ke juyawa, sannan tsinkayen gaba su buɗe. Da yawa kuma, musamman mafiya rashin nauyi, ba su da hatimin kowace hukuma, lambobin da ke jikinsu alƙawarin kamfani ne kawai.

Yanzu a ɗauki wannan maɗauri a kai shi filin zamiya da ƙarfe uku na yamma, lokacin da dubban alluna suka kankare dusar safe, gangare ya koma kamar siminti mai tudu da kwari. Kowace girgiza kai tsaye take hawowa daga allo zuwa gwiwa. Ga kuma wani abu da sabon shiga ba ya lura da shi: 'yar ƙanƙara kamar ƙwayar gero kan daskare a cikin ramin takalmi, tsinke ya shiga, a ji ƙarar kamawa, alhali bai zauna ba. Ƙwararru sun san su lilo da ƙafa sau biyu ko uku don tsinken ya share ramin. Wanda bai sani ba sai ya tsinci kansa a tsakiyar kwana da ƙafa ɗaya ba allo. Wanda haka ta taɓa samu, abin da yakan yi shi ne ya ja maɓallin gaba sama, ya kulle tsinkayen kamar yadda ake yi lokacin hawa. An gudu daga sakin da ba a so, an faɗa cikin rashin saki gaba ɗaya, wato an koma zamanin da Hvam ya karye. Sannan a yi lissafin yawan gangara. Mai hawa da ƙafa, in sabon shiga ne, ya yi ƙoƙari idan ya tara mita dubu a yini, kuma galibi a kan dusa mai taushi zai sauko. Mai hawa kujerar igiya kuwa cikin sauƙi zai gangara ninkin haka sau biyar ko fiye, a kan ƙasa mai tauri, cikin cunkoso, da gudu. Ashe kusan duk faɗuwar da mai raba ƙafa zai yi a shekara a cikin fili za ta same shi. Ba hikima ba ce a zaɓi kaya don ɗan ƙaramin kason tafiyar a bar babban.

Da a ce shekara goma sha biyar da suka wuce ake wannan magana, da zaɓin ya yi wuya. Yau akwai maɗaurai 'yan ruwa biyu. Kamfanin Marker ya fito da Kingpin a 2014, mai tsinkaye a gaba da madannin diddige irin na fili a baya. Kamfanin Fritschi na Suwizalan ya kawo Tecton a 2017, wanda tsinkayensa na gaba ke iya gocewa gefe su saki. Waɗannan biyun har yanzu a kan tsinke ake gangarowa, don haka sun fi karkata ga jeji. Wanda ya sauya lissafi shi ne Shift, da kamfanonin Salomon da Atomic suka fitar a 2018: da tsinke ake hawa, amma idan an kai sama aka juya wani maɓalli, sai tsinkayen su koma gefe, fukafukai su rungumi goshin takalmi, abin ya zama maɗaurin gangara sosai, mai sassaucin da ya kai milimita 47 a gaba, da hatimin gwaji. Nauyinsa ya kusan giram 900. Duke PT na Marker, wanda ya zo a 2020, ya bi wannan tunani ta wata hanya, ya fi nauyi, ana kuma iya cire rabin na gaba a jefa a jaka lokacin hawa. Ba talla nake wa kowa ba, sunayen misali ne kawai. Siffar nake nufi: tsinke a hawa, fukafuki a sauka. Wannan siffa ita ta dace da mutumin da muke magana a kai.

Ƙorafi na farko a fili yake, kuma yana da ƙarfi. Rabin kilo a kowace ƙafa ba wasa ba ne. Mahaya tsauni sukan ce kilo ɗaya a ƙafa ya kai biyar a gadon baya, kuma duk wanda zai ɗaga ƙafa sau dubbai a yini ya san ba ƙarya suka yi ba. Na yarda. Amma wace irin tafiya sabon shiga ke yi? Awa biyu ko uku, a kan gangare mai sauƙi, sau da yawa ma daga inda kujerar igiya ta sauke shi. Abin da ke kashe masa jiki a irin wannan tafiya ba maɗauri ba ne. Ɗaga allo yake yi sama kamar mai tafiya cikin taɓo maimakon ya ja shi a kan dusa, yana soma tafiya da gaggawa, yana jibga riguna har gumi ya jiƙa shi, yana kokawa da kansa a kowace kwana. Wanda ya gyara waɗannan zai ji sauƙin da ya fi na rabin kilo. Kuma nauyi abu ne da ƙafa ke sabawa da shi, abin da zai jawo bai wuce a iso sama a makare da minti goma ba. Karayar ƙwauri kuwa ta cinye lokacin sanyin shekarar gaba ɗaya, in ma a jeji ta faru, inda ba motar ceto kuma rana na faɗuwa da wuri, to maganar ta wuce ta ƙashi.

Ƙorafi na biyu ya fi zafi: taura biyu ba ta taunuwa, abin da ya ce zai yi aiki biyu ba ya gwanancewa a ko ɗaya. Akwai gaskiya a nan, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Masu amfani da Shift na farko sun koka da birkin allo da kan ɓalle ana cikin hawa, da ƙanƙara da kan cushe na gaba, da faifan ƙarƙashin takalmi da ke son a riƙa duba saitinsa. A 2018 Marker ya janye wani rukuni na Kingpin daga kasuwa saboda tsinkayen gaba na iya karyewa. Duk abin da sassansa suka yi yawa, wurin lalacewarsa ma yawa ne da shi. Mai hali, amsa ta fi sauƙi gare shi: ya sayi alluna kashi biyu, ɗaya na fili, ɗaya na jeji, kowanne da maɗaurinsa. Wannan ya fi, ba musu. Sai dai wanda bai ma tabbatar zai so hawan ba, sayen kashi biyu ya zama ɗinka wa jaririn da ba a haifa ba babbar riga. Wasu kuma za su ce ga maɗauri mai firam, irin tsohon Duke na 2007 ko Diamir na Fritschi, wanda gaba da baya ke kan sanda guda mai ɗagawa. Yana saki kamar na fili, yana karɓar takalmin da mutum ke da shi, na hannu kuma araha ne. Ga mai fita sau biyu a shekara, ba laifi. Amma nauyinsa yakan kai kilo ko ya haura, kuma kowane taku sai ka ɗaga shi gaba ɗaya tare da diddige, ba kamar ruwa biyu da na bayansa ke zama a kan allo ba. Mutane da yawa da suka ce hawa da ƙafa azaba ce, da mai firam suka gwada.

Wani abu da mai saye kan manta shi ne maɗauri ba shi kaɗai yake aiki ba. Ruwa biyu ba ya hawa sai da takalmi mai ramukan tsinke, kuma tafin takalma iri-iri ne, kowanne da ma'auninsa: ISO 5355 na fili, ISO 9523 na jeji, sai GripWalk da ke tsakani. Wasu takalman jeji marasa nauyi ma ba su da leɓen da fukafuki zai kama. A haɗa takalmi da maɗaurin da ba nasa ba, hatimin gwajin ya tashi a banza. Lambar saki kuwa ba a zaɓarta da jin kai. Daga nauyin mutum da tsayinsa da shekarunsa da tsawon tafin takalminsa da irin gudunsa ake fitar da ita, kuma gwanin shago ne ke saitawa, ya gwada a na'ura. Matasa na son sayen mai kaiwa 16 don a ce da su gwanaye, alhali lissafinsu bai wuce shida ko bakwai ba. Wanda lambarsa ke nan, mai tsayawa a 10 ya ishe shi, ya kuma fi araha.

Ragowar kuɗin yana da inda za shi, kuma nan ne maganar maɗauri ke haɗuwa da wadda ta fi ta girma. A cikin fili ma'aikata na tashi da asuba su tayar da dusar da ke shirin zaftarewa da nakiya kafin a buɗe ƙofa. Taku ɗaya bayan shinge ba mai yi maka wannan. Ranar 19 ga Fabrairun 2012 mutum 16, kusan dukansu ƙwararru, suka hau kujerar igiya a filin Stevens Pass na jihar Washington, suka ɗan taka kaɗan, suka fita ta ƙofar shinge zuwa wani gangare da ake kira Tunnel Creek. Dusa ta zaftare, uku suka mutu, a wurin da bai kai tafiyar kirki daga inda ake sayar da tikiti ba. A tsaunukan Alps ana rasa kimanin mutum ɗari a shekara ta wannan hanya, a Amurka ashirin da wani abu, kuma a mafi yawan lokuta wanda abin ya ci ko abokin tafiyarsa ne ya tayar da zaftarewar, galibi a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45. Ƙididdigar da aka wallafa a 1994 daga bayanan Suwizalan ta nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka tono cikin minti 15 suna da rai, amma zuwa minti 35 saura kimanin kashi 30. Wato abokan tafiya ne za su tono ka, ba jirgin ceto ba. Na'urar neman wanda dusa ta binne, da sandar caka, da shebur, da kwas na kwana uku kan karanta yanayin dusa, su ne kayan farko, ba a kuma fafe gora ranar tafiya. A nan ma saki na da ranarsa: allon da ya ƙi barin ƙafa a cikin zaftarewa jan mutum yake yi ƙasa kamar an ɗaura masa dutse, wanda ya kulle tsinkayensa don tsoron saki kuwa da hannunsa ya ɗaura.

Saura masu cewa ai sabon shiga ba zai dawwama sabon shiga ba, gara ya sayi abin da zai buƙata nan da shekara uku. Wannan shi ne tunanin da ke sayar da kaya, shi ne kuma ke cika ɗakunan ajiya da allunan da aka hau sau huɗu. Babu wanda ya san yadda zai ji da hawan awa biyar cikin sanyi sai ya gwada, gwajin kuma ba ya buƙatar saye. Garuruwan tsauni cike suke da shagunan haya, filaye da yawa kuma sun ware hanyar masu hawa da ƙafa a cikin shingensu, inda mutum zai koyi manna fata da juya allo ba tare da fargabar zaftarewa ba. In shekara biyu ta wuce aka tarar kwanakin jeji sun rinjayi na fili, lokacin sayen mai tsinke ya yi, zai fi kyau ma a nemi irin masu hatimin ISO 13992, kuma a lokacin mutum ya rage faɗuwa, ya san ƙarar tsinken da ya zauna da wanda bai zauna ba. Allon farko da ruwa biyunsa ba su zama asara ba, sun koma kayan fili. Kafin nan, wanda zai shiga shago ya ƙirga kwanakin da ya yi bara a fili da waɗanda ya yi a jeji, ya tafi da takalminsa a hannu, kuma kada ya fito sai an saita maɗaurin an gwada sakinsa a gabansa.